Inci Biyu Daga Ƙafar Wando

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyu na rana, a shago

Saura kwana goma sha bakwai mu koma asibiti. Sistar asibitin ta bugo waya ɗazu tana tuna mini, wai Alhamis ashirin ga wata, ƙarfe tara, a zo da Maɓalli a auna ta. Sai ka ce zan manta. Ina tsakiyar yanka rigar wata mata, da na ajiye wayar sai na ga na yanka hannun hagu sau biyu.

Littafin awon mutane ne wannan, na juyo bayansa ina rubutu don ba ni da wanda zan faɗa wa.

'Yata shekararta goma sha ɗaya, tsawonta na 'yar takwas. Maɓalli muke kiranta tun tana jaririya, Yaya, yayata da muke ɗinki tare, ita ta laƙaba mata a shagon nan, sunan ya bi ta har makaranta. An ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙashin hannunta, an duba duk abin da za a duba, ba a ga komai ba. Likita ta ce lafiyarta ƙalau, gajera ce kawai ba a san dalili ba, amma akwai allurar sinadarin girma da za a iya gwadawa, kullum sau ɗaya da yamma. Ta ce wasu yaran tana yi musu aiki, wasu ba ta yi, sai bayan wata shida a auna a ga ko za a ci gaba. Ta kuma ja mana kunne kada mu riƙa awo a gida, wai tsawon safe daban na yamma daban, za mu wahalar da yarinya a banza.

Ni tela, a ce kada in auna! To, ban auna ba. Ba sai da tef zan san tsawon abin da na haifa ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi

Ta dawo daga makaranta ko jaka ba ta sauke ba, ta tsaya tsakar ɗaki ta haɗe ƙafafu.

"Baba, duba! Idon sawuna duk a waje!"

Babanta ya tsuguna ya sa yatsu tsakanin bakin wandon makarantarta da takalmi, ya ƙirga, ya ce, "Kai! Yatsu huɗu. Yarinyar nan za ta wuce uwarta kafin shekara." Ya kalle ni yana dariya, don kowa ya san wuce ni ba wani aiki ba ne, har yau da katako a ƙarƙashin ƙafata nake taka keke.

Na yi dariya tare da su. Daga nan na shiga kicin na buɗe famfo na tsaya.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ban taɓa wandon ba wannan makon. Ba zan sake taɓawa ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yaya ta gano.

Zif ɗin wandon ne ya lalace, Maɓalli ta kai shago da kanta ina kasuwar yadi, ta ba Yaya. Da na dawo na tarar da ita zaune a kekenta ba ta ɗinki, ta juya ƙafar wandon a kan cinyarta. Ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba.

"Zo nan," ta ce. "Wannan kalmasar ta yaushe ce?"

Na ce ta farko ce.

"Ni za ki yi wa ƙarya a kan ɗinki? Ni na koya miki riƙe almakashi! Ga sawun guga biyu a ciki, ga bakin yadi sabo fil. Rage mata wando kike yi, ko? Kina datse ƙafar don ta ɗauka tsawo take yi."

Na jawo kujera na zauna.

"Nawa kika cire?"

"Inci biyu."

"Duka wandunan biyu?"

Na ɗaga kai.

Yaya ta yi salati ta sake yi. Ta ce ba ni da hankali, ta ce tun ina ƙarama haka nake, in abu ya ƙi zama daidai sai in yanke shi. Na bar ta ta yi mini tatas, don ba ta nan a wata na biyu da fara allurar. Ba ta ga yarinyar nan tana shigewa bayan firji tana riƙe ƙafar tebur ba, cinyoyinta duk tabo, tana ihu, "Mama, ba ya aiki, don Allah ki bari!" Sati uku muna haka, kullum sai na danne ta kamar za a yi mata aski. Wata ranar Lahadi ina gugar wandon, sai hannuna ya ƙara ninki rabin inci, na ɗinke. Washegari ta fito da gudu ta rungume ni, wai wandonta ya ɗage. Da yamma da kanta ta ɗauko allurar daga firji ta miƙo mini, ta ɗage siket ta juya kai.

Me za ki yi in ke ce, Yaya? Haka na tambaye ta.

Ta ce, "Sau ɗaya zan yi in tuba. Ke sau nawa?"

Rabin inci da farko, sai kwata-kwata sau shida. Da ninkin ya yi kauri har za a gane, sai na yanke. Abin da aka yanke kuma ba ya komawa.

Ta gyara zif ɗin ta jefo mini wandon. "Ki faɗa mata kafin ma'aunin asibiti ya faɗa mata."

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An ɗauke wuta tun safe. Babanta ya bar aikin da yake yi, firjin wani mai shago, ya taho gida a guje don maganin, kada ya yi zafi ya lalace. Ya haɗa batir da wayoyinsa, ƙaramin firjin ya tashi, ya zauna a ƙasa yana share gumi.

Shi ne fa wanda ya ƙi allurar nan tun farko. Ya ce yarinya lafiyarta ƙalau, me ya sa za a riƙa huda ta kullum, wa ya ce gajarta ciwo ce. Muka yi sati ba ma magana sai ta gaisuwa. Yau yana zaune a ƙasan nan ya ɗago ya ce, "Maman Maɓalli, ki yi haƙuri da abin da na faɗa kwanaki. Ke kika yi gaskiya. Da na biye wa kaina da na cuci yarinyar nan."

Na ce ba komai.

Ba komai! Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyar

Na shirya zan faɗa mata yau. Na taho tun daga shago ina maimaita maganar a hanya. Na same ta tana aikin gida, na zauna kusa da ita na ce, "Maɓalli, akwai maganar da..."

Ta katse ni. Wai yau a layin safe ta ƙi tsayawa a gaba, inda ake sa mafi gajarta tun aji ɗaya. Ta koma ta uku. Wata mai bakin tsiya ta ce ta dawo wurinta, ita kuwa ta ɗaga ƙafa ta nuna mata wando, ta ce, "Ke makauniya ce?" 'Yan aji suka yi dariya, aka bar ta a ta ukun.

Tana ba ni labarin idanunta na ƙyalli. Yarinyar da a da ko ruwa aka ce ta je ta sha a makaranta sai ta jira kowa ya watse.

"Wace magana ce, Mama?"

Na ce ta gama aikin ta zo ta ci abinci.

Alhamis, 13 ga wata, safe

Saura bakwai.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na nemi tef ɗina sama da ƙasa ban gani ba. Na tura ƙofar ɗakinta, na same ta jingine da bango, littafi a kanta, fensir a hannu, tef ɗin yana lilo. Ta san tsawonta na ranar farko, ta haddace shi kamar sunanta.

Fuskarta ta canza. "Mama, sau uku na auna. Inci ɗaya kawai yake ba ni. Ai uku ya kamata."

Ga ƙofa a buɗe, Allah ya buɗe mini ita, abin da ya rage in ce eh, ɗayan ne gaskiya.

Na karɓi tef ɗin na ja shi tsakanin hannuwana. Na ji bakina yana cewa, "Wannan tsohon? Ya saki tun bara. Tef in ya saki ragewa yake yi. Kuma ba Likita ta hana awo a gida ba?"

Ta sauke ajiyar zuciya, ta yi dariya, ta ce, "Na ji tsoro wallahi." Ta goge alamar fensir ɗin da yawu.

Tef ɗin wata uku da saye.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na ƙona rigar mutane da dutsen guga. Kaina yana sarawa tun jiya.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe sha biyu

Na kira Sista. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na tambaya ko za a iya auna yarinya ba tare da an faɗi lambar a gabanta ba, a faɗa mini ni kaɗai.

Ta ce, "Hajiya, yarinya 'yar sha ɗaya ce, da idonta za ta karanta. Kuma Likita da ita take magana, ba da ku kaɗai ba. Akwai wata matsala ne?"

Na ce babu.

Yaya tana jin komai daga kekenta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yanzu har asibitin za ki rage wa ƙafa?" Na ce ta fita harkata. Ta ce ai kuwa ba za ta fita ba, 'yarta ce ita ma, in ban faɗa ba zuwa gobe ita za ta faɗa. Na ce in ta kuskura kada ta sake kirana ƙanwarta. Muka yini keke biyu suna ƙara, babu mai cewa uffan. Wata mata ta zo karɓar ɗinki ta kalle mu ta ce ko an yi rasuwa ne.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Yaya ba ta faɗa ba. Ta zo har ƙofar gida, ta hango Maɓalli tana gugar wandon makaranta da kanta, tana waƙa, za ta kai wa Likita ta gani. Yaya ta tsaya ta kalle ta, ta ce ta zo aron almakashi ne, ta juya ta tafi ba almakashin.

An ninke wandon an sa a leda. Ledar tana kan kujera a gabana.

Na yi mata allura. Ko motsi ba ta yi ba, har tana ce mini hannuna yau ya yi sanyi.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ya Allah.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Ɗakin awo ƙarami ne, ma'aunin a manne da bango. Sista ta sa ta cire takalmi da ɗankwali, ta haɗe mata diddige, ta ɗaga mata haɓa, ta sauko da katakon a kanta. Sau uku ta yi. Maɓalli ta juyo ta karanta, ta sake karantawa, ta ce, "Sista, ki sake." Aka sake. Bai canza ba.

A ofis Likita ta buɗe kati ta ce santimita biyu da rabi a wata shida. Wata shidan da suka wuce kafin allura, biyu ne. Ta ce ba za ta ce maganin ya yi aiki ba, ba kuma za ta ce bai yi ba, abin da aka samu ya yi ƙasa da yadda ta so. Ana iya ƙara wata shida a gyara yawan maganin a gani, ana iya tsayawa nan, babu wanda zai yi laifi.

Babanta ya ce, "Likita, biyu da rabi nawa ke nan a inci?"

"Kamar ɗaya."

"A'a, ina! Da yatsuna na auna."

Maɓalli ta zaro wandon daga leda ta shimfiɗa a kan tebur, a kan katin. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ranar da aka ɗinka shi yana taɓa takalmi, yanzu ga inda yake tsayawa, ma'aunin nan ne ya lalace, kamar tef ɗin Mama.

Likita mutuniyar kirki ce. Ta shafa yadin ta ce a hankali, "'Yata, yadi kan tsuke in ana wanke shi. Yana faruwa sosai." Babanta ya fara gyaɗa kai. Ni ma na ji numfashina yana dawowa, Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Sai Maɓalli ta ce, "A'a. Ɗinkin Mama ba ya tsukewa. Kwana take jiƙa yadi kafin ta yanka, kowa ya sani, shi ya sa ake kawo mata yunifom."

Da alfahari ta faɗa, tana kare ni. Ta juyo ta kalle ni don in tabbatar. Ban san abin da ta gani a fuskata ba. Ta ɗauki ƙafar wandon ta juya cikinta, ta bi kalmasar da ɗan yatsa, 'yar tela ce, a cikin ƙyallaye ta yi rarrafe.

Na ce, "Ni ce. Ni nake ragewa."

Ina jin ana kiran lambar wani a waje. Likita ta rufe katin ta ce mu je mu yi shawara, mu dawo Alhamis mai zuwa, kuma ta fi son jin amsar daga bakin yarinyar, tunda jikinta ne.

A mota ta zauna gaba kusa da babanta. Wandon a teburin Likita aka bar shi, Sista ta biyo mu da shi har bakin ƙofa, ni na karɓa.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ba ta je makaranta ba. Babu wandon da za ta yarda ta sa.

Jiya da yamma na ɗauko allurar kamar kullum, na tsaya a ƙofarta. Ta kalli hannuna, ta juya ta fuskanci bango. Na mayar firji.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe biyu

Babanta bai ɗaga murya ba, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Yana gyara wata fanka a tsakar gida, na kawo masa ruwa, bai karɓa ba. Ya ce, "A ƙasa na zauna na ba ki haƙuri, kina kallona."

Na ce don ita na yi.

"Don ita? Ta je ta nuna wa 'yan ajinsu ƙafa. Litinin wa zai shiga layin nan, ke ko ita?"

Ya ce shi dai yanzu a tsaya, an wahalar da ita ya isa. Amma abin da ta ce shi za a yi.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Kwana huɗu babu allura. Kwana huɗu ba ta ce mini Mama ba. In tana son abu sai ta ce, "Baba, a ce a miƙo mini kofi."

Yaya ta ɗinka mata sabon wando jiya, ta kai mata gida, ta auna a gabanta tana nuna mata lambar. Da shi ta tafi makaranta yau. Ban tambayi inda ta tsaya a layi ba.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ta biyo ta shago daga makaranta, Yaya ta tashi wai za ta sayo zare. Maɓalli ta tsaya a gaban kekena da jaka a baya.

"Sau nawa?"

"Bakwai."

"Har ranar da na rungume ki?"

"Ita ce ta farko."

Ta riƙa murza bakin rigarta. Na ce mata na ji tsoro ne ta daina, na ce ban iya ganin kukanta ba, na ce ta yafe mini, na faɗi duk abin da na yi sati uku ina haddacewa, ya fito a hargitse. Ta bari na gama.

"Da kin ce mini inci ɗaya ne, da na yi kuka," ta ce. "Amma da na san nawa ne."

Ta fita ta tsaya a bakin titi tana jiran Yaya ta raka ta gida.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Muna shan shayi ta ce da babanta, ba da ni ba, "Biyu da rabin nan, nawa ne na gaskiya ko?" Ya ce nata ne, Sista ta auna sau huɗu. Ta ce to za ta ƙara wata shida ta gani da idonta, in bai yi ba a bari, kuma kada a sake tambayarta. Amma shi zai riƙa yi mata.

Mutumin da ko jininsa za a ɗiba sai ya rufe ido. Ya ajiye kofi ya ce to.

Laraba, ƙarfe takwas na yamma

Na koya masa a kicin a jikin soso, yadda zai matse fata, yadda zai ƙirga goma kafin ya zare. Na ba shi takardar asibiti da nake sa alamar inda aka yi kowace rana, don ba a maimaita wuri ɗaya. Suka shiga ɗaki, ta tura ƙofa. Na tsaya a waje da audugar da ya manta a hannuna.

Ina jinsa yana cewa bismilla sau ba adadi, tana ce masa, "Baba, hannunka rawa yake yi." Sai na ji muryarta ta ɗaga.

"Mama!"

Kwana shida ban ji kalmar nan ba. Na ce na'am, hannuna har ya kai marikin ƙofa.

"Wace cinya ce yau?"

"Hagu," na ce. "Ta ƙarshe a dama aka yi."

Sai can ƙasa-ƙasa, ba don ni ba, ta ce, "Baba, duba takardar ka tabbatar."

Na ji ƙarar takarda yana buɗewa. Hagun ce.